Mai Nutso na Keta

Agbeko Tamakloe bai taɓa mallakar kwale-kwale ba. Aikinsa nutso ne. Idan tarun masunta ya maƙale a ƙarƙashin teku, shi ake kira ya shiga ya kwance. A garinsu Keta kuwa taru yakan maƙale, domin teku ya daɗe da cinye tsohuwar unguwarsu, bangaye suna nan tsaye a ƙasan ruwa.

Wata safiya ruwa ya kwanta, wani masunci mai suna Sedzro ya zo ƙofarsa yana kiransa Efo, wato yaya a harshensu.

"Efo Agbeko, tashi, kakanninka sun sake riƙe mana taru."

"Sun ga ramarka ne, suna so ka huta," in ji Agbeko.

Ya shiga ruwa yana bin igiya. A ƙasa ya tarar da tarun ya naɗe wani dogarin ƙofa na dutse da katantanwar teku ta lulluɓe. Yana cikin kwancewa hannunsa ya faɗa wani gurbi a jikin dutsen, inda mahaifiyarsa ke wasa wuƙa a da. Gidansu ne.

Ya leƙa. Ciyawar teku ta tsiro a ɗakin da aka haife shi, tana kaɗawa a hankali. Ƙananan kifaye masu ratsin rawaya suna shiga ta taga suna fita ta ƙofa. Randar mahaifiyar tana kwance a gefe, wata ƙatuwar ƙaguwa ta tare a ciki, ta ɗaga hannu tana kallonsa kamar baƙon da bai yi sallama ba.

Da ya taso, Sedzro ya ce, "Ka daɗe. Me ka gani?"

"Akwai mutane a gidan," ya ce, ya kama gefen jirgi yana haki.

Daga ranar bai ƙara cin ƙaguwa ba. Matarsa Dzidzor ta yi mita har ta gaji ta daina sa ta a miya. Duk ranar da ruwa ya kwanta sai ya koma can, ko ba wanda ya kira shi. Wani lokaci ya dawo ya ce mata bangon gabas ya faɗi, ko kifayen sun ƙaru.

Nutso ya toshe masa kunne kafin ya tsufa. 'Yarsa ta mayar da shi gidanta a bakin tafki, nesa da igiyar ruwa. Can ya ƙarasa kwanakinsa yana gyaran taru a gindin kwakwa. Idan masunta suka wuce yakan tare su ya tambaya ko ƙofar tana tsaye. Sukan ɗaga masa kai alamar eh, ko da yake babu wanda ya ƙara sauka ya duba.