Malam Ukasha da Gurbin da Ya Hana Ɗansa

Idan an idar da sallar asuba a masallacin unguwarsu da ke Falgore, mutane kan tsaya gaishe-gaishe, shi kuwa Malam Ukasha gida yake nufa ya turo babur ɗinsa ƙofa. Tsohon babur ne, sai an tura yake tashi, kuma babu makwabcin da bai san tarinsa ba. A bayansa yakan ɗaure wani gwangwanin biskit da roba. Babu biskit ko ɗaya a ciki. Fensira ne da ya fiƙe da reza, da abin goge rubutu da ya yayyanka ƙanana don ya ishi kowa, da tsofaffin takardun tambayoyi da suka sha hannu har suka yi laushi kamar tsumma. Mai ɗakinsa Hasiya ta miƙo masa kunu ya sha a tsaye, ya maƙala fensir ɗaya a kunne, ya kama hanya. Haka ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi a ƙaramar sakandare, kuma a ƙarshen watan jiya ya yi ritaya.

Ga wanda bai sani ba, yaron da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare yana iya zana wata jarrabawa ta musamman. Idan ya ci, sai a ɗauke shi makarantar kimiyya ta kwana, inda akwai ɗakin gwaje-gwaje da malaman da suka san aikinsu. Guraben kaɗan ne, masu nema kuwa ba su ƙirguwa. Kullum ana ce mana ai takarda ɗaya ce ga kowa, saboda haka an yi adalci. Ni wannan magana ta ishe ni. Takardar ɗaya ce, na yarda. Amma ɗan birni ya shekara biyu ana yi masa darasi na musamman a kanta, mu kuwa a nan kudancin jiha sau da yawa ba ma jin an fara raba fom sai saura kwana huɗu a rufe. Kuma mun saba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Mu ce rabo ne, mu kaɗe riga mu tashi.

Malam Ukasha bai saba ba. Wata shekara ɗalibarsa Zulaihat, wadda ta fi kowa lissafi a ajin, ta fito da sakamako mai ban kunya. Da ya tambaye ta yadda ta amsa, sai ta nuna masa: alamar daidai ta riƙa sawa a gefen kowace amsa, kamar yadda malamai suke yi wa littafinta. Ba ta san na'ura ce ke duba takardar ba, kuma na'urar ba ta ganin komai sai gurbin da aka cike baƙi ƙirin da fensir. Babu wanda ya taɓa gaya mata. Tun daga ranar, duk Asabar za ka tarar da shi a gindin ɗorawar makaranta, ya zana gurabe da rula a takarda, yara kewaye da shi yana cewa, "A cike shi taf, kamar ana cika mudu a ba baƙo. Kada ya zube gefe." Ranar kasuwar Tudun Wada kuma yana bin rumfuna da turken shanu yana tare iyaye, ko sun so ko ba su so ba, yana gaya musu ranar da za a rufe karɓar fom.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne shekara goma sha biyu da suka wuce, kuma da hannuna a ciki.

A lokacin ina sabon malami a makarantar. Malam Ukasha ya tafi Ɗansoshiya jana'izar yayarsa, ya bar mini cike fom ɗin yara. Akwai wani ɗalibi ɗan makiyaya, shiru-shiru, wanda yake warware lissafin da ni kaina sai na dubi littafi. Kowa Hamma yake ce masa. A ranar ƙarshe ba ya nan, ya bi shanu mashaya, sai mahaifinsa Mas'udu ya zo a madadinsa da hotonsa a aljihu. Na ce, "Baba, sunan yaro?" Ya sunkuyar da kai yana wasa da sandarsa, can ya ce, "Hamma." Na rubuta Hamma Mas'ud, ya dangwala yatsa, na tura fom. Ban buɗe rajista ba. Ban san Hamma laƙabi ne da Fulani ke yi wa ɗan fari ba, kuma ban tsaya na tuna cewa uba ba ya kama sunan ɗansa na fari ba. Sunan yanka na yaron Mudassir ne, kuma shi ne a rajista da takardar shaidar makaranta.

Sakamako ya fito a tsakiyar damina. A cikin guraben da aka ware wa yankinmu, Hamma Mas'ud ne na biyu. Ranar tantancewa muka tafi tare da Malam Ukasha da yaron. Shugaban kwamitin ya ɗora takardu biyu kusa da juna, ya cire tabarau ya ce, "Wanda ya ci Hamma ne, wanda kuka kawo Mudassir. Mun sha ganin wani ya zana wa wani. Ba zan ɗauka ba."

Malam Ukasha ya yi bayani, ya nuna hoto. Shugaban ya ce hoto ana iya liƙawa. Abin da zai karɓa kawai shi ne mahaifin yaron ya zo da kansa ya yi shaida a gaban kwamiti kafin azahar ɗin Alhamis. Idan ba haka ba, gurbin ya koma ga na farko a jerin masu jira. Sai ya ja wata takarda ya duba, ya ɗago yana murmushi.

"Malam, ai kai ma hutawa za ka yi. Na farko a masu jira Zayyad Ukasha ne. Ba ɗanka ba ne?"

Autansa ne. Yaron ya shekara biyu a gindin ɗorawar nan yana cike gurabe tare da sauran, maki uku kacal suka raba shi da shiga. Abin da ake buƙata daga Malam Ukasha a ranar shi ne kada ya yi komai. Ba sata, ba roƙon alfarma, ba takarda daga wani babba. Ya koma gida ya zauna har Alhamis ta wuce, kuma laifin a kaina zai tsaya, ni da na cike fom.

Mama Hasiya ce ta ba ni labarin abin da ya faru a gida, da bakinta. Ta ce ta tare shi a tsakar gida yana zuba wa babur mai.

"Malam, ba kai ka rubuta ba, ba kai ka kore shi ba. Allah ne ya kawo wa ɗanka. Ina za ka?"

"Ruga."

"Yaran mutane dai, yaran mutane kullum! Naka kuma a kasuwa ka tsinto shi?"

Ta ce ya ajiye galan ɗin man, sannan ya ce, "Hasiya, ni na duba littafin su biyun shekara uku. Na san wanda ya ci. Idan na kai Zayyad makarantar nan, duk ranar ziyara da wane ido zan shiga ƙofar?" Ta ce ba ta ba shi kunu ba ranar, kuma ba ta yi nadama ba sai daga baya.

Rugar su Mas'udu ta tashi zuwa gefen daji saboda gonaki sun yi tsiro. Na bi shi a bayan babur. Mun faɗi cikin taɓo sau biyu. A bakin wani rafi da ya kawo muka jingina babur a gidan wani manomi, muka naɗe wando muka tsallaka, Malam Ukasha ya ɗora rajistar makaranta a kansa cikin leda. Sai bayan la'asar muka ga shanu.

Da aka gama gaisawa aka sha nono, Malam Ukasha ya gaya wa Mas'udu abin da ake so. Mutumin ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Modibbo, ka ce in kawo saniya, zan kawo. Shekara goma sha biyar bakina bai taɓa sunan nan ba, ko ni kaɗai a daji. In tsaya gaban baƙi in faɗe shi? Da me zan dubi dangina?"

Ni a nan na fusata. Na fara cewa makomar yaro ce fa, wace irin kunya ce wannan. Malam Ukasha ya dafa gwiwata na yi shiru. Bai yi wa mutumin wa'azi ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Idan wani ne ya faɗi sunan, kai za ka iya amsawa?"

Kafin Mas'udu ya buɗe baki, wata tsohuwa da ke gyaran ƙwarya a gefe ta ɗago. Goggo Tani ce, yayarsa. "Ni zan faɗa! Ni na riƙe shi ranar aski. Mudassir, Mudassir, Mudassir! Ga shi na faɗa sau uku, sama ba ta faɗo ba. Kai kuma," ta nuna ni da ludayi, "mai karatun da bai san Hamma ba suna ba ne, gobe kai za ka goya ni mu tsallake ruwan." Kuma ni na goya ta.

Ranar Alhamis da hantsi muka tsaya gaban kwamiti, taɓo har gwiwa. Malam Ukasha ya ce, "Ranka ya daɗe, shaida ka nema, ba ka ce sai uban ya furta sunan ba. Ga yayarsa za ta kira sunan, shi kuma ya tabbatar." Shugaban ya dubi abokan aikinsa, ɗaya daga cikinsu ya ce shi ma mahaifinsa har ya rasu bai taɓa kiran sunansa ba. Goggo Tani ta kama kafaɗar yaron ta ɗaga murya kamar tana kiran maraƙi daga nesa. Aka tambayi Mas'udu ko wannan Mudassir ɗin shi ne Hamman da ya sa wa yatsa. Ya juya fuskarsa bango ya ce, "Shi ne." Shugaban ya sa hannu. Yana miƙa takardar ya ce wa Malam Ukasha, "Ka san abin da ka yi wa ɗanka?" Ya ce, "Na sani."

Ba zan yi muku ƙaryar cewa komai ya zo da sauƙi ba. Zayyad ya tafi sakandaren jeka-ka-dawo a Tudun Wada, inda ɗakin gwaje-gwaje suna ne kawai a jikin ƙofa. Zango guda yana gaida mahaifinsa a taƙaice ya wuce. Ya so ya zama injiniya, bai zama ba. Wannan shi ne abin da Malam Ukasha ya biya, kuma da ɗansa ya biya shi.

Malam, kai ne ka koya mini cewa adalci a wannan jarrabawa ba ya farawa a zauren da ake zana ta. Yana farawa ne daga wanda ya ji labarin fom, da wanda aka nuna wa yadda ake riƙe fensir, da wanda ya sami mai tsallake rafi dominsa. Kai ne ka ga laifina ƙuru-ƙuru, amma ba ka taɓa ambata shi gaban kowa ba, sai dai washegarin dawowarmu daga kwamiti na tarar da rajista a kan teburina an buɗe ta. Ukasha na Hasiya, mai fensir a kunne, gatan ɗan ƙauye. Mun gode. Allah Ya saka maka da abin da ya fi wanda ka bari, Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ku kuma 'yan'uwana malamai da 'yan bokon Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, mun iya taruwa mu zagi tsari har rana ta faɗi. Tsarin yana da laifi, kuma ba zan daina faɗa ba: a sanar da fom da wuri, a kusanto da wurin jarrabawa, a daina duba wanda ya aiko yaro. Amma kafin a gyara, wa zai zauna gindin ɗorawa Asabar mai zuwa? Wa zai bi turken shanu ranar kasuwa? Kuma mu nawa ne, idan aka ce mana mu yi shiru kawai ɗanmu ya shiga, za mu zuba wa babur mai?

A walimar ritayar da muka shirya wa Malam Ukasha, Mudassir ya zo. Likitan dabbobi ne yanzu, makiyayan yankin nan duk lambarsa suke kira. Mas'udu ma ya zo, ya tsufa, ya riƙe hannun Malam Ukasha da hannu biyu ya ce, "Modibbo, yaron nan naka yana gaishe ka," alhali yaron na tsaye kusa da shi. Har yau bai kama sunan ba.

Na nemi Zayyad a cikin taron. Lissafi yake koyarwa yanzu a wata makaranta a Ƙiru. Na tambaye shi ko ya huce. Ya yi dariya ya ce, "Wani lokacin idan na ga injiniya a kan gada, abin yakan taso mini. Ban gama hucewa ba, gaskiya." Ya dubi mahaifinsa. "Amma da ya zauna a gida ranar nan, da yau ban san me zan zo yi a nan ba."

Da aka tashi, na ga Malam Ukasha ya kwance gwangwanin biskit ɗin daga bayan babur ɗinsa. Zayyad ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe ya duba, ya ce, "Baba, rezar fa?" Malam ya laluba aljihu ya miƙa masa.