Bushiyar da ta fanshi taguwa

Bahago masassaƙi ne a tsohon garin Agadez. Akushi da ludayi da ƙafar gado su ne aikinsa, da hagu kuma yake riƙon gizago. Abu mai rai bai taɓa sassaƙawa ba, don malamai sun ce wanda ya yi wa itace ido da baki, gobe kiyama za a ce ya hura masa rai.

Dukiyarsa taguwa ɗaya ce. Ita ke ɗauko masa itacen aduwa daga daji, da nononta matarsa Fatouma ke dama fura.

Shekarar da Nasara suka zauna garin, aka shiga kama raƙuma don hanyar Bilma, aka haɗa da taguwar. Bahago ya bi sawunta har bariki da niyyar roƙo. Ya tarar da Kumandan yana juya wani ɗan abu a tafin hannu, sai ya mance da roƙon, ya ƙura wa abin ido. Ɓera ne na itace, bai fi dabino ba, har da gashin baki da farce. Tafinta Lawali ya ce daga wata ƙasa ya fito can bayan teku, Japon ake ce mata.

"Wuƙar mutumin nan ta fi tawa siriri," in ji Bahago, "haƙurin dai ban sani ba."

Da aka fassara, Kumandan ya yi dariya. Ya ce in Bahago ya sassaƙo dabbar da za ta iya zama gefen ɓeran cikin kwana bakwai, ya tafi da taguwarsa.

A gida Fatouma ta ce, "Maigida, sai ka zaɓa ke nan, ko fura ko lahira."

Kwana biyu bai taɓa gizago ba. Ran na uku da hantsi Fatouma tana shara bayan tarin itace, tsintsiya ta taɓa bushiya, ta dunƙule. Za ta ture ta waje ya ce, "Ke, bar mini baƙuwa!"

Ya zauna gabanta da guntun aduwa, yana fidda ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama bai nufi bariki ba, sai zauren Malam Abdu limamin unguwa. Malam ya juya abin sama, ya juya ƙasa.

"Ina fuskar?"

"Tana ciki, Allah gafarta Malam."

Malam ya shafa gemu. "To, ni dai ban ga kowa ba."

Da ya kai ta bariki kuwa, Kumandan ɗora ta ya yi a tafin hannu, yana jira ta buɗe. Da ya gaji ya matsa ta da yatsa, ƙaya ta soke shi. Lawali ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Kafin azahar taguwa ta durƙusa a ƙofar gida. Fatouma ta fito da ƙwarya, tana yi mata faɗan ramar da ta yi.