Zaren Rakhi a Ajin Masterji Dubey

Katanga ɗaya ce tsakanina da Masterji Tribhuvan Dubey, ko tusa ya yi sai na sani. Malamin tarihi ne a sakandaren unguwarmu a Jabalpur, tun gashinsa baƙi har ya koma rina shi da lalle. Ni daga aji huɗu aka kore ni, shi ya sa yake kirana jaki. Ni kuwa nakan ce, "Masterji, jakin ma ai wani malamin ne ya koyar da shi."

Bakinsa reza ne. Gurgu, mai in'ina, ɗan mai shara, kowa da sunan da ya raɗa masa a aji. Sai aka kawo sabuwar shugaba, Madam Lakra, ta kafa doka: duk malamin da ke da ra'ayi a kan yaran da ke son jinsinsu, ya bar shi a gida, kada a ji kalmar wulaƙanci a aji. Dubey ya zo teburin shayin Kusum yana kumfar baki, wai an sa wa zaki takunkumi, wai a ƙasar da ta kori Bature za a hana malami faɗin gaskiya. Na ce takunkumin ya yi masa kyau, ko ba komai ya rufe haƙoran da taba ta cinye.

Kusum na da ɗa, Tanmay, ɗan shekara sha shida, mai sanyin murya. Yaron nan bai san inda ake kai kuka ba. Ya samu Dubey bayan an tashi, ya taɓa ƙafarsa don girmamawa, ya gaya masa shi fa maza zuciyarsa ke so, kuma yana tsoron 'yan ajin su gane. Dubey ya shafa masa kai, ya ce ba mai ji daga bakinsa.

Bai kuwa faɗa ba. Ana gobe Rakhi, bikin da mata ke ɗaura wa 'yan'uwansu maza zare a wuyan hannu su ba su alewa, ya shigo aji da damin zaren. Ya wuce layin 'yan mata, ya zube shi a gaban Tanmay, ya nuna masa hannayen samarin da sanda. Yaron ya bi su ɗaya-ɗaya yana ɗaurawa, su kuma suna tafi suna cewa, "Yaya mace, ina alewarmu?" Dubey na kan kujera yana goge tabarau.

Da aka tashi samarin suka tare Tanmay bayan rumfar kekuna. Haƙarƙari suka karya masa, ido ɗaya kuma har yau ba ya gani da shi sosai.

Madam Lakra ta kira Dubey ofis, ya tambaye ta wace kalma ya furta. Aka bi aji ana tambaya, kowa ya ce Masterji ko tari bai yi ba. Da yamma ya leƙo ta katanga ya ce mini, "Jaki, ka ga yadda ake bin doka?" Na ce na gani, maciji ma ai ba ya haushi.

Tanmay bai koma makaranta ba. An tura shi garin Katni, shagon facin tayar kawunsa, jarrabawa ta wuce shi. Dubey kuwa kullum da safe yana kan bencin Kusum, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ita ke wanke masa kofi, ta ƙara masa sukari yadda yake so, ta miƙa da hannu biyu, domin ƙanwar Tanmay ajinsa za ta shiga bana.