Cibiyar Yaya Hamisu da Zargin da Na Yi Masa

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar yayana Hamisu, mai fataucin dabbobi tsakanin Daura da Damagaram. Har yau idan wani ya tare ni a ƙofar masallaci yana yabonsa, sai in tsaya ina kallon bakinsa, don ban manta abin da irin waɗannan bakunan suka faɗa yana raye ba.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kowa ya zama ɗan sa-ido. Da cikin Yaya ya cika da ruwa, likita ya ce hanta ce ta lalace, sai unguwa ta yanke hukunci: mai tsallaka iyaka duk mako, ai giya yake kwankwaɗa a can. Abin da ke ci mini rai shi ne ni ma na yarda. Wata rana na faki idonsa na shiga ɗakinsa, na ɗaga katifa, na shinshina gorar ruwansa. Ina juyowa na gan shi a bakin ƙofa.

"Sani, ka samu?" ya ce. Na ajiye gorar, na raɓa ta gefensa na fita.

Daga nan ya daina zuwa asibiti, wai kada a gan shi a layi a ƙara magana. Cibiyarsa ta turo waje kamar lemun tsami, ya riƙa ɗaure ta da tsohon rawani a ƙarƙashin riga. Ranar da fatar ta tsage, ruwa ya fara tsiyaya, murna muka yi. Innarmu har sadakar ƙosai ta yi, wai ciwo ya samu ƙofar fita. Kwana huɗu muna canza masa zane. Da zazzaɓi ya rufe shi muka kai shi, likita ya ce ta nan ƙwayar cuta ta shiga cikinsa, kuma mun makara.

Da zai ga yau, ana gwajin hanta, ana yi wa jarirai rigakafi, na san murmushi zai yi ya tambaya ko an samo allurar bakin mutane. Bai taɓa rantsuwa don a yarda da shi ba, kuma wannan halin ne ya fi tsaya mini.

Bara aka gwada jinina, aka samu ƙwayar ciwon hanta, irin wadda aka ce uwa kan ba ɗanta tun wajen haihuwa. Ni kuwa ko warin giya ban sani ba. Na kai wa Hajara, matar Yaya, takardar gwajin. Ta duba, ta ninke, ta miƙo mini.

"Mu ai mun san ba ya sha," ta ce. "Kai yake jira ka yarda."