Madam Agnes da Idon Malam Dabo

Kafin masu shaguna su gama buɗe ƙofofi, Madam Agnes ta riga ta tako daga gidanta na Sabon Gari zuwa maɗaba'ar Alhaji Musiliu da ke Fagge. Takan yaye zanen da ta lulluɓe kwamfutarta da shi, ta yi 'yar addu'arta, sannan ta zauna. Tun zamanin da ake jera haruffan dalma da hannu take wannan wuri. Da intanet ta shigo gari, ba da daɗewa ba bayan sojoji sun koma bariki, ta sake zama ɗaliba da furfura a kanta.

Bayan na gama bautar ƙasa aka ba ni teburi kusa da nata. Ba ni da yawan magana, kallo na fi yi. Abin da na gani shi nake rubutawa yau da take ajiye aiki.

Aikinta shi ne ta ɗauki fayil ɗin da aka tsara littafi a ciki don bugawa, ta mayar da shi shafukan intanet. Akwai hanya mai sauri: a ɗauki hoton kowane shafi a ɗora. Madam ba ta bin ta. Layi-layi take bin fayil, ta cire alamomin da injin bugu kaɗai ke ganewa, ta sa waɗanda intanet ta sani. In ta gama babi, sai ta tafi wani kafe, wato shagon shiga intanet, kusa da tashar jirgin ƙasa, inda intanet ta fi ko'ina nawa, ta buɗe shi a can. In ya daɗe bai buɗe ba, ta dawo ta rage masa nauyi. Takan ce, "Mai karatun ba a ofishinmu yake zaune ba."

Wata rana Malam Dabo ya zo, tsohon malamin lissafi daga Rijiyar Lemo. Mu muka taɓa buga masa littafin lissafi da ya rubuta da Hausa, kuma ya ƙare a kasuwa. Likita ya faɗa masa idonsa tafiya yake yi, ba zai dawo ba. Burinsa ya ga littafin a intanet kafin duhu ya rufe.

Bayan fitarsa Alhaji ya ce, "Madam, ɗauki hoto mu ɗora masa, kafin Juma'a an gama."

"Alhaji, hoto in ka ƙara masa girma dishi-dishi yake yi. Me zai gani?"

"To in kin gama ranar da ba ya gani fa?"

Da Malam ya dawo sai ta tambaye shi, "Baba Malam, wane babi ka fi so?"

"Duk 'ya'yana ne."

"Ko a cikin 'ya'ya ai akwai ɗan lele."

Ya yi dariya. "Babin kusurwoyi. Amma kar ki faɗa wa sauran."

Da shi ta fara, ga shi ya fi kowanne wuya, cike da zane da alamomi. Duk zuwan da Malam zai yi sai ya ce, "Madam, ke da idona wa zai riga wani?" Ita kuma ta ce, "Ka ce masa ya ɗan jira, Baba, ina hanya."

Ranar da ta gama babin, na raka su kafe. Malam ya kai hancinsa har kusa da gilashin kwamfuta, ya ce a hankali, "Ban ga komai ba." Madam ta danna, haruffan suka ƙara girma. Ta sake dannawa, ta sake, har layi ɗaya ya cika fuskar kwamfutar, kuma kowane harafi tar da shi. Malam ya ɗora yatsa a gilashi ya fara karantawa da ƙarfi. Mai kafen, wanda ba ya barin kowa ya taɓa masa gilashi, ya ƙyale shi.

Kafin damina ta wuce ganin Malam ya tafi. Sauran babobin bai gan su ba, amma Madam ba ta sassauta musu ba. Haka ta kai kowannensu kafen ta gwada, kuma ɗalibai na karanta su har yau.

Ke ce, Madam, mai tuna mutumin da ba ki taɓa gani ba, wanda ke zaune gaban tsohuwar kwamfuta yana jiran shafi ya buɗe. Uwar haruffa, ba sunanki a ƙasan ko shafi ɗaya. Na gode miki, Fagge da Sabon Gari sun gode. Allah Ya ba ki hutu cikin lafiya.

Mu da muka gaji kujerarta, duk ranar da muka ji hannu na son bin hanya mai sauri, mu tambayi kanmu wa zai karanta, kuma da wane ido.