Zaiba a Taɓon Wouri

Shekarun da albashi ya tsaya, waɗanda a Douala muke kira lokacin kiriz, matan unguwarmu New Bell sun yi ta cire 'yan kunne suna kai wa maƙera. Yayana maƙerin zinariya ne, a zauren gidanmu yake aiki. Da la'asar yakan share ƙurar bencinsa cikin kwanon ruwa, ya ɗiga zaiba ta kama burbushin zinariya, sauran ya watsa a kwata. Haka ubanmu ya yi. Kwatar tana gangarawa rafi, rafin ya ƙare a baƙin taɓon bakin kogin Wouri, inda nake saro manyan tarwaɗa wurin masunta in yi banda.

Ni sai da na aurar da 'yata na shiga ajin yamma. Malamarmu Bahaushiya ce haifaffiyar nan, ta yi aiki a ɗakin gwajin ruwa kafin a sallame su. Rannan ita ma ta kawo sarƙarta sayarwa, ta ga Yaya yana watsa ruwan.

Na ce, "Kada ki damu, Malama, ai zaiba nauyi gare ta. Tana nutsewa ta kwanta."

Ta ce, "Mama, ba ta kwanciya. A cikin taɓon da iska ba ta shiga akwai 'yan halittu da ido ba ya gani, bakteriya. Su suke juya ta, ta zama mai shiga tsoka. Tsutsa ta ci, ƙaramin kifi ya ci tsutsa, babba ya haɗiye su duka ya tara. Wuta da hayaƙi ba sa fitar da ita. Ɗan da ke ciki ta fi taɓawa, a ƙwaƙwalwa."

A lokacin 'yata tana ɗakina goyon ciki, kullum kuwa romon tarwaɗa nake ɗura mata, ina zaɓar mafi girma don ta yi jini.

Na juye tukunyar romon ranar. Na jawo tsohon duro mai murfi na girke a bakin kwata, na tsaya kusa da shi.

Yaya ya fito da kwano. "Matsa."

"Nan za ka zuba."

"Boko ya kama tsohuwa da rana tsaka. Kin ga halittun da idonki?"

"Kai ka taɓa ganin aljani, Yaya? Amma ba ka watsa ruwan zafi sai da bismillah."

"Ubanmu fa?"

"Allah ya jiƙansa, bai sani ba. Kai ka ji."

Ya zuba a duron don maƙwabta sun fara leƙowa, ba don ya yarda ba. Daga nan ya daina cin tuwona. Na koma bandar ƙananan kifin teku, masu saye a kasuwar Dakar ta nan Douala suna min ba'a, wai na zama dokta, tarwaɗa ma sai da takardar asibiti. Na ce su je su ci, bakinsu ne. Duk la'asar dai ina nan bakin kwata, ko ruwan sama ake yi.

'Yata ta sauka lafiya, mace. Ba zan ce durona ne ya tsare ta ba, unguwar cike take da maƙera, taɓon kuma ya daɗe yana sha. Ranar suna Yaya ya shigo da 'yan kunne ƙanana, ƙirar hannunsa, ya miƙo min don jaririya. Ban karɓa ba tukuna.

Na ce, "Ruwan wankinsu fa?"

Ya harare ni, ya nuna duron da haɓa. Sannan na buɗe tafina.