Hatre Mai Kai Zagi Tsallaken Rafi

A ƙauyen Tabenna na bakin Nilu majami'a biyu ce, ɗaya a kowane tsallaken rafi, tun da limamansu, Uba Sarmata da Uba Kolluti, suka saɓa kan ranar idin Faska. Mai iya rubutu kuwa ɗaya ne tak, Hatre. Shi zai rubuta wasiƙar Uba Sarmata, ya ƙetara ya karanta wa mutanen Uba Kolluti, ya zauna ya rubuta amsarsu, ya dawo ya karanta. Shekara ashirin bawan Allah yana zagin kowa da bakinsa, bai taɓa zagin kowa da ransa ba.

Ba dabbar da ba ta bi ta alƙalaminsa ba. Karnuka, kuraye, kunamu, dila, har kada. Ya gaji, wallahi ya gaji.

Ran nan Sarmata yana kai da komo, ya ce, "Rubuta: ku aladu masu birgima a taɓo, maza da mata, har tsofaffinku!"

"Uba, Innata fa a can take sujada."

"To ni na kai ta? Rubuta!"

Ya rubuta. Amma da ya tsaya gaban jama'ar Kolluti, ya ga tsohuwa Tekusa a sahun gaba ta kafa masa ido, sai harshe ya ƙi. Wane ɗa ne zai kira uwarsa alade a bainar jama'a? Ya yi gyaran murya, ya karanta: "Ku tumaki da kuka ɓace hanya."

Nan take wuri ya kacame.

Kolluti ya miƙe yana rawar gemu. "Tumaki? Tumakin wa? Wato shi ne makiyayinmu ke nan! Kare ya ce, mun haƙura. Kunama ya ce, mun rama. Yau kuma mallake mu zai yi?"

Samari har sun fara neman sanduna. Hatre ya dafe kai. Garin neman gira ya rasa ido. Sai da azahar ta gota aka lallashe su, bisa sharaɗin amsar ta ƙunshi dabba bakwai, duk masu dafi.

A hanyar rafi Tekusa ta cim masa, ta cusa masa gurasa da albasa a hannu.

"Kai ka sauya, ko? Sarmata bai san tunkiya ba sai a tukunya. Me ya ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Aladu, Inna."

"Shi ke nan? Kai, Hatre! Don wannan ka so a fasa kawunan 'ya'yan mutane? Ai kalmar alade shekaran jiya mu muka aika masa, da hannunka. Tamu ce ya maido."

Ta gyara mayafi, ta juya, sannan ta waiwayo.

"Gobe ka karanta abin da aka rubuta. Na san muryar Sarmata, na san ta ɗana."